Ranar da Mai Gari Ya Wanke Mini Ƙafa

Shekara bakwai maigidana ya yi a Tarabulus. Ya bi ayari da niyyar wata shida, raƙuminsa ya mutu, shi kuma ya samu aikin tsaron ƙofa a gidan limaman Nasara, waɗannan marasa aure masu doguwar riga da ƙararrawa. Lokacin Nasara ba su shigo ƙasarmu ba tukuna, labarinsu kawai muke ji. Ya dawo da sallarsa lafiya lau, alhamdu lillahi, amma ya dawo da baki. Tun daga ƙofar gida ya fara ba da labari, har muka shekara bai tambaye ni yadda na yi da gona da ƴaƴa uku ba. Abin ya ci mini rai, na haɗiye.

Cikin labaransa akwai wanda ya fi so. Wai sarakunan Nasara, ranar naɗi babban limaminsu ne ke shafa musu mai a ka, ya ɗora musu hular zinariya. Sannan kowace shekara, wata ranar Alhamis, sarki da kansa zai ɗaura zane bisa kayan sarauta, ya durƙusa, ya wanke ƙafafun matsiyata goma sha biyu, ya share, har ya sumbata. Wai koyi suke da Annabi Isa. Na ji labarin nan har na iya shi kamar karatun salla.

To, sai wansa, mai garin ƙauyenmu da ke kusa da Hawandawaki, ya rasu. Jakadan sarkin Tasawa ya zo da rawani ya naɗa maigidana, ya sauka gidanmu yana ta shan furata. Batun shafa mai ni na kashe shi, na ce man shanun da ke gidan nan na miya ne, wanda ya taɓa mu haɗu. Amma wankin ƙafa, ina! Ya sa aka yi shela: ranar Alhamis bayan la'asar, mai gari na neman matsiyata goma sha biyu.

Nan da nan aka nemi matsiyaci a garin aka rasa. Tsohon da ke cin tuwo gidanmu kullum ya zo yana huci, ya ce, "Ranka shi daɗe, ni da akuyata har biyu za a kira matsiyaci?" Liman kuwa cewa ya yi, shi dai a saninsa wanke ƙafa yana cikin alwala, amma kowa tasa yake wankewa.

Babbar magana kuwa daga bakin rijiya ta taso. Kowa a ƙasarmu ya san da ƙasar sawun mutum ake yi masa sammu. To wanda aka ɗebi sawunsa ma ya shiga uku, ina ga wanda aka tara ruwan ƙafarsa cikin ƙwarya? Mata suka yanke cewa asiri maigidana zai haɗa, duk wanda aka wanke ya bi shi kamar raƙumi da akala har Tarabulus a sayar. Kafin Laraba gida biyu sun fara ɗaure kaya za su ƙaura zuwa garin da ake kira Sarkin Hausa. Jakada ya ajiye ludayi ya ce mini, "Uwargida, da mutane ake mai gari. In suka watse, da rawanin zan koma." Na faɗa wa maigida. Ya ce sarki ba ya magana biyu. Kwanansa huɗu da sarauta fa!

Ranar Alhamis ya kifa turame goma sha biyu ƙarƙashin gawo, na aro ne duka. Ya ɗaura zanena na daka bisa babbar riga, ga rawani, ga ƙwaryar ruwa. Gari ya fito kallo, amma daga nesa, kowa ya leƙo ta bayan darni. Tsohon nan mai akuya biyu ya taho yana jan reshen geza a bayansa don ya share sawunsa. Masu ƙaura sun tsaya da jakinsu a ɗaure da kaya. Jakada na gefe yana kallon rawanin, ba mai rawanin ba.

Maigidana ya tsaya da ƙwarya a hannu, ya dubi turame, ya dubi mutane. Ba wanda ya motsa. Wallahi haushinsa nake ji, amma da na gan shi tsaye shi kaɗai sai tausayi ya kama ni. Na gyara mayafi, na je na zauna bisa turmin farko, na miƙa ƙafa.

Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ke, mi ke nan? Maza aka ce."

Na ce, "Mazan ga su can bayan darni. Matsiyaci ka nema, maigida. Ka samu."

Mata suka yi salati. Mai gari guda, a gaban matarsa, gwiwa biyu! Wata tsohuwa ta ce duniya ta zo ƙarshe, amma ba ta tafi ba, sai ma ta matso.

Ya durƙusa, ya kama ƙafata ya sa a ruwa. Ruwan ya yi ja. Ya shafa dunduniya, yatsansa ya shiga faso. Ya tsaya.

"Wannan fa?"

"Ranin da rijiya ta ƙafe, muna zuwa ɗiban ruwa Hawandawaki."

"Farcen nan ina ya tafi?"

"Hauya. Damina ta uku da tafiyarka."

Ya juya ɗaya ƙafar, ya ga tabon ƙaya. Ya riƙe ta tsakanin tafin hannunsa, ya daɗe, mutumin da bai taɓa yin shiru ba tun dawowarsa. Da na ga ya sunkuyo zai kai ga sumbar nan ta sarakunan Nasara, na ce, "Kul! A nan sarautarsu ta tsaya."

Saura ruwan, kowa ya zuba ido ya ga inda za a kai shi. Kafin maigida ya tashi, jakin masu ƙaura ya fizge igiya, ya zo ya zura baki ya shanye tas. Gari duka ana jira a ga ya nufi Tarabulus. Jakin ya kaɗa kunne, ya saki tusa, ya koma cin ƴaƴan gawo. Liman ne ya fara dariya, har sai da ya zauna bisa turmi na biyu. Kafin magariba an kwance kaya. Washegari jakada ya koma Tasawa, ba rawani, sai ƙullin furata.

Ran kasuwar Tasawa maigida ya dawo da wani abu cikin tsumma, ya ajiye ƙofar ɗakina, ba labari ko ɗaya. Takalmin fata ne, na farko da na taɓa sakawa. Na ce, "Ya aka yi ka san awona?" Ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mini, ya ce, "Ban tambaye ki ba, shekara bakwai. Zauna ki faɗa mini."