Kujerar da na kama wa Malam

Ni ba ɗan iska ba ne tun asali, kuma ba yunwa ce ta kai ni gidan yari ba. Mahaifina tela ne a Unguwar Sarki. Na yi karatun allo a zauren Malam Haladu, na yi boko har na karanci kwamfuta, kuma duk wanda wayarsa ta rikice a layinmu ni yake nema. Ina faɗa muku haka ne, ku matasa, don kada ku zaci ɗan damfara wata halitta ce daban.

Bayan na gama makaranta na yi aiki a wani ofishin sayar da tikitin jirgi. A nan na ga yadda 'yan kasuwa ke rufe shago su zo su wuni a kan benci saboda tikiti ɗaya. Sai na ce me zai hana in haɗa manhaja da Hausa, mutum yana zaune a rumfarsa ya sayi tikiti ta waya? Tunanin mai kyau ne, har yau ban ga aibunsa ba. Na kama ɗan ofis a Malali, na ɗauki masu haɗa manhaja, na buga kati mai ɗauke da sunana da muƙamin shugaban kamfani. Gaskiya katin ya fi kamfanin kyau.

Abin da ban sani ba shi ne manhaja ci take kamar jariri, kullum bakinta a buɗe. A gyara nan, can ya lalace, ga albashi, ga haya, ga talla.

A harkarmu akwai abin da ake kira kama kujera. Za ka iya sa sunan matafiyi a jirgi ba tare da ka biya ba, kamfanin jirgin ya riƙe maka kujerar na ɗan lokaci. Idan ka buga takardar, za ta fito da suna da rana da lambar jirgi, wanda ba ɗan harka ba sai ya rantse tikiti ne. Idan lokacin ya wuce ba a biya ba, kujerar ta tafi, amma takardar tana nan tsaf a hannun mai ita.

Na fara da wani ɗan kasuwa mai zuwa Legas. Na ba shi takardar, na biya albashi da kuɗinsa, kafin ranar tafiyarsa wani ya kawo nasa na cike gurbin. Ya je ya dawo lafiya, har ya yi mini tsaraba. Ban kira abin sata ba, dabara na kira shi. Daga nan sai ya zama tsarin aikina: na yau ya biya wa na jiya.

Ana haka tsofaffin ɗaliban Malam Haladu suka haɗa kai za su kai shi Umara a watan azumi. Malam ya tsufa, ƙafa ta fara ba shi wahala, bai taɓa ganin Ka'aba ba sai a hoton da ke rataye a zaurensa. Da aka ce za a je wani babban ofishi, sai ya ce, "Ina da yaro mai wannan sana'ar, don me za a kai wa bare?" Saboda wannan maganar tasa wasu dattawan unguwa ma suka biyo shi wurina.

Biza na yi musu ta gaskiya. Tikiti kuwa kujeru na kama. A lokacin akwai wani mai kuɗi da ya yi alkawarin zuba jari a kamfanina, ni kuma na ga dole in burge shi, sai na gyara ofis, na sayi mota, na cika rediyo da talla. Mutumin ya zo ya sha lemo, ya yaba, daga baya ya daina ɗaga wayata. Azumi ya matso, farashin tikiti ya yi sama, kujerun suka tafi ina kallonsu a kwamfuta.

Kun san al'adarmu, mai tafiya ƙasa mai tsarki yakan bi gida-gida yana neman gafara. Ana saura kwanaki su tashi, ina zaune a ofis sai ga Malam da sandarsa, ya hawo matakala yana haki. Na miƙe zan durƙusa, ya riƙe hannuna.

"Zauna, ɗana," in ji shi. "Na doke ka da yawa kana ƙarami, wani da laifi, wani kuma zafin zuciyata ne. Zan je ɗakin Allah, ban sani ba ko zan dawo. Ka yafe mini."

Na ce, "Na yafe, Malam."

Ko yaro ya san abin da ke biyo baya. Sai ka ce, ni ma a yafe mini. Malam ya tsaya yana kallona, yana jira. Bakina ya kasa, domin na san idan na faɗa zai tambaye ni me na yi. Sai na ce Allah Ya kai su lafiya, na raka shi har bakin titi, na tare masa Keke Napep. Da na faɗa masa gaskiya a ranar, da ɗalibansa sun yi ƙoƙarin wani abu, ko ba komai da bai bar gida ba.

Ranar tafiya unguwa ta fito rakiya, mota ta kai su filin jirgin Kano. Malam ya ɗaura haraminsa tun a can. Da suka miƙa takardu, ma'aikacin ya duba ya sake dubawa, ya ce babu sunan ko ɗaya daga cikinsu a jirgin. An ce Malam ya tambaya sau da yawa ko dai kwamfutar ce ta yi kuskure, don yaronsa ne ya yi. Ni kuwa na kashe waya na ɓuya a ɗakin wani abokina a Mando, can 'yan sanda suka same ni.

A kotu ban yi musu ba. Aka sayar da mota da kayan ofis, ba su kai ko'ina ba, alƙali ya tura ni gidan yari. Mahaifina ya daina zama a majalisa. Ba zan ɓata muku lokaci da labarin ƙwarƙwata da gabza, abincin fursuna, ba, duk wanda ya shiga zai ba ku irinsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne hakin Malam a kan matakalar nan, kullum sai na ji shi.

Da aka sake ni, ban fara zuwa gida ba, zauren Malam na nufa, ina ta maimaita kalmomin nan a hanya. Na tarar da wani ɗalibinsa yana ba da karatu a kan buzunsa. Aka shigar da ni wurin matarsa, wadda duk muke kira Inna. Ta kalle ni, ta ce in zauna.

"Malam ya rasu bara," in ji ta. "Tun da ya dawo daga Kano bai ƙara sakewa da fita ba, ya ce ya riga ya yi sallama da kowa, da wane ido zai kalle su? Haramin nan da shi aka yi masa likkafani, haka ya yi wasiyya."

Na tambaye ta ko ya ambace ni. Ta ce, "Ya ce ranar da ya je wurinka ya jira ka nemi tasa gafarar, ba ka nema ba. Ya ce ƙofa a buɗe take, duk ranar da ka zo ka faɗa da bakinka. Ko saƙo ai da ka aiko."

Ban aika ba. Kunya ta hana ni, kamar yadda ta hana ni a ofis.

Yanzu gyaran waya nake yi, na tuba, ina bin sauran dattawan ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun yafe, wasu sun rufe mini ƙofa, kuma ban ga laifinsu ba. Ku masu son kafa kamfani, ku kafa, amma kuɗin da aka ba ku don abu, na wannan abin ne, ko da kun tabbata gobe za ku mayar. Idan kuma kun riga kun taɓa, ku je yau ku faɗa wa mai shi tun yana iya amsawa. Ni duk Juma'a nakan je kabarin Malam in ce, "Ni ma a yafe mini," in tsaya in jira kamar yadda ya jira ni.