Sai Ka Kira Ta Imo

Shekara talatin da huɗu Bang Okbun tana sayar da farfesun kifi da shinkafa a lungun bayan kasuwar birnin Busan, kuma ba ta taɓa zuwa teburin wanda bai buɗe baki ya kira ta ba. Ɗaga hannu ba kira ba ne a wurinta, murmushi ma haka. In kana son ci, sai ka ɗaga murya ka ce "Imo," wato ƙanwar uwa, yadda kowa ke yi.

Baƙi masu yawon buɗe ido su ne abin tausayi. Tun a jirgi sun haddace jimlolinsu, a ba ni ruwa, a rage yaji, na ci na ƙoshi, amma da sun zauna sai kunya ta ɗaure musu harshe. Okbun na kallonsu ta wutsiyar ido, tana ta goge tukunyar da ba ta da datti.

'Yarta Hyerim ce ta gaji. Ta sa aka kafa na'ura a kowane tebur, mutum ya latsa hoto abinci ya zo.

"Umma, jiya mutum uku suka tashi da yunwa. Yanzu ba sai kowa ya yi magana ba."

"Shagon bebaye muka buɗe ke nan."

Kwana biyu ba ka jin komai sai ƙarar cokali. Babu wanda ya kira ta ko sau ɗaya, abin ya ci mata rai ƙwarai. Amma in ka san hanyar rafi, tsohuwa ta san inda kada yake. Kimcinta, kabejin nan mai yaji da take tsimawa a tulu, kyauta ake ba da shi, don haka ba ya cikin na'ura. Da can tula shi take yi. A rana ta uku ta koma sa yanka uku kacal.

Wani dogon Bature ya cinye nasa, ya lashe baki, ya latsa nan ya latsa can, babu kimci. Tsoho Gu mai yankan kifi, wanda kullum a nan yake kalaci, ya matso ya biya masa a kunne: "Imo, to juseyo." Ma'ana, Inna a ƙaro.

Baturen ya faɗa a hankali, kamar mai neman gafara.

"Gu, sauro ne ya wuce?" in ji Okbun, ko juyowa ba ta yi ba.

"Ke dai ba ki da tsoron Allah. Bawan Allah har ya yi ja."

Gu ya nuna masa kunne, alamar wai tsohuwar kurma ce. Baturen ya cika ƙirji ya kwarma kira har na waje suka leƙo. Shago ya kwashe da dariya. Okbun ta kawo kwano shaƙe, ta daki bayansa. "Ashe ɗan nawa yana da baki."

Hyerim ta tare ta a kicin. "Umma, da gangan kike rage musu."

"Hannu ne ya tsufa."

"Ba wasa nake ba."

Okbun ta ajiye ludayi. "Tun da babanki ya rasu, in na koma gida talabijin kaɗai ke magana. Ke ma saƙo kike turo min. Nan ne kawai ake kirana, shi ne kika kawo abin da zai hana."

Kunya ta kama Hyerim. Can ta ɗauko takardu, ta rubuta jimlar nan ta Gu da manyan haruffan da baƙi za su iya karantawa, ta bi tebur-tebur tana mannawa a fuskar kowace na'ura, yadda babu sauran wurin latsawa.

Okbun ta duba ɗaya. "Rubutunki har yau kamar tonon kaza," ta ce.

Wata baƙuwa a lungu ta soma haɗa kalmomin a hankali. Okbun ta juya mata baya, ta ɗauki tukunya tana jira.