Bushon Uku: Ɗaya a Ndokoti, Biyu a Kunnen Iya

Jama'a, kakata ba kurma ba ce! Wallahi Iya tana ji ras! Datti ne. Dattin kunne kawai, a kansa muka shekara biyu muna yi wa tsohuwar nan ihu kamar 'yan kamasho a tasha. Ina rubutun nan rabi murna rabi takaici.

Duk wanda ya san layin 'yan atamfa a kasuwar Marché Congo ta Douala ya san Iya. Tun ba a haifi babana ba take kan teburin nan. Da kunnen ya yi nauyi, mai saye ya ce turmi, ta miƙa masa falle. Watan jiya mai bensikin, wato ɗan acaɓa, ya kusa kwashe ta, yana ta hon ba ta ji ba. Sai Baffa Sale, babban ɗanta, ya yanke hukunci: ran Asabar a sa ta a mota zuwa Garoua wurin Gwaggo, ta je ta huta. Matar da aka haifa a nan unguwar New Bell! Garoua sau biyu ta taɓa zuwa, duka gaisuwar mutuwa.

Ni kuwa ran nan na haska kunnenta da fitilar waya, na hango wani baƙin abu kamar murfin kwalba. Wata 'yar ajinmu a fak, wato jami'a, ta turo min lambar wani asibitin kunne a Bonamoussadi. Na kama randebu, wato lokacin ganin likita, ta WhatsApp, Alhamis ƙarfe takwas. Suka faɗa min maganin ɗigawa, kwana uku ina ɗiga mata. Ban gaya wa kowa ba.

New Bell, 5:40

Ana sallame asuba na kama hannunta. An kwana ana ruwa, lungu duk caɓi.

"Maigida, ina za ka kai ni da sassafen nan? Ko amarcin ne sai yau?"

"ASIBITI, IYA!"

"Biki? Na wa? Ka bar ni na fito da wannan mayafin?"

Na nuna mata kunne, ta taɓe baki. Wani mai bensikin ya ja burki a gabanmu, ta ce ko gawarta ba za ta hau ba. To taksi. Ina ta "Ndokoti, deux places!", wato kujera biyu, guda huɗu suka wuce ni kamar na zage su. Na biyar ya danna hon, alamar ya yarda. Sefa ɗari uku da hamsin kowa. Shida da minti goma muka tashi.

Ndokoti, 6:35 zuwa 7:55

'Yan'uwa na Najeriya da ke karantawa, a nan cunkoson motoci bushon muke ce masa, kuma Ndokoti ce uwar bushon. Tafiyar da ba ta kai kilomita biyar ba, muka zo muka kafe. Hon ta ko'ina, bensikin kamar tururuwa, direbanmu ya leƙa kai yana ɗura wa mai tirela ashar. Iya ta jingina, ta dube ni, ta ce, "Douala ta yi shiru zamanin nan. Da can ba haka take ba."

Direba ya fashe da dariya da na fassara masa. Ni kam ban yi dariya ba.

Muka sauka muka taka, na saya mata makala biyar, wato fanke, da kunu a bakin hanya. Nan wani ya iso da jaka da lasifika: maganin basir, maganin sanyi, maganin kunne, duk kwalba ɗaya! Ya gan ni ina yi wa Iya ihu, ya matso.

"Petit, kawo mama, ɗigo biyu kawai."

Na ce, "Malam, ɗiga wa naka tukuna."

Kun san abin da aka zuba wa baiwar Allahn nan a kunne cikin shekara biyu? Man ja mai ɗumi. Ruwan albasa. Man kaɗanya. Wata maƙwabciya ta zo da gashin kaza tana jujjuyawa. Wanzami ya zo da ɗan ƙarfensa ya yi haƙa kamar mai gina rijiya, Iya ta kwana biyu tana riƙe da kai. Kowa dokta ne a unguwarmu, amma ba wanda ya ce a kai ta wurin doktan gaske. Kuma kada in wanke kaina: tsinken audugar nan na goge kunne, ni nake sayo mata shi fakiti-fakiti a Marché Dakar, ina jin kaina jikan kirki.

Bonamoussadi, 8:40

Taksi na biyu ya bi da mu ta Makepe, minti arba'in. Mun makara. Matar da ke karɓar mutane ta ce layinmu ya wuce, sai mu jira. Na haɗa ta da Allah, na haɗa ta da Ndokoti. Ta ce "Ashiya, sannu, kowa ta can ya biyo." Goma da kwata aka kira mu.

Doktar mace ce, ba ta da hayaniya. Ta kwantar da Iya a wata kujera, ta jawo madubi mai fitila irin mai ƙara girman abu, ta sa ɗan mazurari a kunnen, ta leƙa. Ta leƙa ɗayan. Sai ta sunkuya ta ɗaga murya:

"Mama, c'est un bouchon!"

Kalma ɗaya Iya ta kama. Ta ce, "Gaya mata gaskiya ne, a Ndokoti muka sha shi, shi ya sa muka makara. Ta yi haƙuri."

Ashe dattin da ya taru ya toshe kunne shi ma bushon suke ce masa! Dokta ta yi dariya har ta ajiye mazurarin.

Aikin micro-aspiration sunansa. Ba ruwa, ba allura, ba yanka. Wani siririn bututu ne kamar tsinke, an haɗa shi da injin da ke zuƙa, dokta tana kallo ta madubi tana tsotso dattin kaɗan-kaɗan. Ta ce in gaya wa Iya za ta ji ƙara kamar iska, kada ta motsa. Inji ya tashi fuuu. Iya ta damƙe hannuna tana salati, ta yi tari sau biyu, dokta ta ce ba komai, haka yake sa wasu. Minti bakwai, sai ga abu ya fito baƙi ƙirin, kamar ƙwallon dabino. A kunnen hagu kuwa, bayan dattin, ta zaro guntun auduga. Ta ɗaga shi ta dube ni. Na dubi silin.

Ta ce tsinken nan ba ya fitar da datti, tura shi ciki yake yana dannawa. Kunne da kansa yake turo nasa waje, a goge bakin da tsumma ya isa.

Aka kashe inji. Iya ta tashi zaune, idonta na yawo.

"IYA, YAYA?"

Ta zabura. "Kai! Rage murya, kai ba ladan ba ne. Mene ne ke yin ƙyat-ƙyat ɗin nan?"

Agogon bango ne. Jama'a, na yi kuka, kuma ban ji kunya ba. Dokta ta ce kunnen hagu akwai ɗan raunin shekaru, mu dawo a gwada, amma wannan ba kurumta ba ce. Gaba ɗaya minti ashirin. Shekara biyu, minti ashirin!

Hanyar dawowa, 11:10

Wannan karon ta Deido muka bi. Iya ta toshe kunnuwa da mayafi. "Wannan garin haka yake dama? Mutanen nan ba su da iyaye ne?" Can ta matso ta yi min raɗa, ita da ta manta yadda ake raɗa: "Maigida, kada ka gaya wa kowa. Ina so in ji abin da ake cewa a gidana."

New Bell, 12:30

Muka iso gida. Bayan la'asar Baffa Sale ya zo da tikiti. Ya durƙusa ya kwarara mata gaisuwa, ta gyaɗa kai, ta ci gaba da tsintar shinkafa. Ya juya wurin babana, da muryarsa ta kullum, taku biyu daga inda take:

"Kada ka yi mata zancen tebur sai ta isa can. Na riga na yi wa Alhaji Bala alkawari, ran Litinin zai zuba kayansa."

Iya ba ta ko ɗago ba. "Wane Balan, Sale? Mai takalma ko surukinka?"

Tikitin ya faɗi a tabarma.

"Iya... kina ji?"

"Tun daga 'kada ka yi mata zance'. Teburin nan shi ya yi maka kaciya, shi ya yi maka aure. Ka ba da shi ina da rai?"

Baffa ya sunkuyar da kai. Ya ce wallahi tsoro ne, tun ranar bensikin ɗin nan ba ya barci. Ta ce ta sani, amma mai tsoro asibiti yake kai uwarsa, ba tasha ba. Ta tura masa tikitin da ɗan yatsa. "Ka mayar. Ka gaya wa Bala ran Litinin ya zo, zan yi masa ragi in atamfa yake so."

Alhamdulillahi, mun je lafiya, mun dawo lafiya, Iya tana nan daram a New Bell. Allah ya saka wa doktar nan da 'yar ajinmu. Amma har yanzu ina jin haushinmu, mu duka. In akwai tsoho a gidanku da aka yanke wa kurumta ba tare da likita ya leƙa ba, ku daina ɗure-ɗure, ku kai shi a duba. Don Allah ku tura wannan a kowane gurup da kuke ciki, ku fara da na dangi.