Baba Chollom Mai Ɓeraye da Tandar Mama

Jama'ata, ina gaisuwa! Ku ajiye gardamar ƙwallo tukuna, yau labarin mutumin da ya tsufa yana yi wa ɓeraye hidima na kawo muku.

Baba Chollom ke nan. Kullum da sassafe yana cikin motar zuwa garin Vom, inda ɗakin binciken da yake aiki yake. Ya sa safar hannu da takunkumi, ya wanke keji, ya zuba wa fararen ɓerayen ɗakin bincike abinci, har da tambayarsu kwanan gajiya. Wata rana kuma daji zai shiga ya ɗana wa gafiya tarko, a ɗebi jininta, masana su duba ko tana ɗauke da ƙwayar cuta dangin Ebola. Mu in mun ga gafiya, yaji muke tunawa. Shi kuwa lafiyarmu.

To, shekarar da Ebola ta shigo Legas, ana ta wanka da ruwan gishiri, sai magana ta zaga unguwar Rikkos: ai mijin Mama Magadaliya mai masa ɓeraye yake taɓawa! Shi ke nan, layi ya watse, ƙullu ya yi ta tsami a bokiti.

Ta ce, "Baban Ana, ko ka bar aikin nan, ko in kife tandar nan."

Ya ce, "In na bari wa zai ciyar da su? In sun mutu, a kan wa za a gwada magani? Ke?"

Washegari ya jawo benci bakin titi, ya zauna gaban tanda yana cin masa, yana kiran masu wucewa da sunansu. Kowa ya tsallake kwata. Bai fasa ba, kullum kafin ya hau mota. Har Romanus mai shagon kayan gyara ya gaji da kallo.

"Oga, har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ga ni, sai ƙiba."

"To Mama, zuba mini. In na mutu, Chollom zai ɗauki akwatin gawa."

Daga Romanus sai 'yan keke, daga 'yan keke sai unguwa.

Ku fa, da me za ku yi? Ni dai wallahi da tuni na ajiye aikin.

Baba, ga shi ka yi ritaya. Kai ne ka taɓa abin da muke gudu don kada ya taɓa mu, namijin duniya! Mun gode, Allah ya saka. Samari, a yi koyi. Mama, ke ma mun gode da ba ki kife tandar ba.