Ranar da Gwaggo Hansai Ta Gudu da Tukunyar Kantu

Duk macen da ta taɓa shiga gidan Gwaggo Hansai ta san ba a gama gaisuwa sai ta shinshina hannun mutum. Kina durƙushe kina "ina wuni", ita kuwa ta riga ta kama tafinki ta kai hanci. In ta ji ƙarnin nono ko ƙamshin man shanu ba za ta ce uffan ba, sai ta nuna miki buta da sabulu da haɓarta. Ni Rabi 'yar ƙaninta ce, na koma wurinta da zama da 'ya'yana biyu bayan ƙauyenmu ya watse, amma har ta bar duniya in na doshi madafarta sai na fara shinshina hannuna.

Kayan zaƙi ne sana'arta: kantun riɗi, dakuwa, nakiya, alkaki, alewar gyaɗa. Daga garinmu, nan tsakanin Faskari da Yankara, har Ƙanƙara ake aiko mata da aikin biki. Sai dai duk abin da ya fito daga jikin dabba ba ya shiga tukunyarta. Wannan ya samo asali tun shekarar da mutanen daji suka kore shanun mijinta, marigayi Malam Sale, har da wata saniya da ita ta rene ta tun tana maraƙa. Daga ranar ta daina taɓa nono da man shanu. Ta ce ba ta san saniyar wa aka tatsa ba, wataƙila ma tata ce. Abu ya yi ta gaba, zuma ma ta bar ta, wai da wuta ake ƙwace ta daga masu ita. Ƙwai kuwa, cewa ta yi kaza ba ta taɓa miƙo mata da hannunta ba.

Limamin unguwarmu ya taɓa aiko matarsa ta tuna mata cewa duk waɗannan halal ne. Gwaggo ta saurara har ƙarshe, ta cika wa matar kwano da dakuwa.

"Ki ce wa Malam ban ce haram ba ne. Na ce ba ni ci. In yana da aya a kan wannan, ya aiko."

Malam bai aiko da komai ba sai kwanon, washegari, a ƙara masa.

Ni kam sau ɗaya na taɓa gwada ta, ban kuma ba. Wata Hajiya a Ƙanƙara za ta aurar da 'yarta, ta aiko a yi mata nakiya, ta haɗo da kwalbar man shanu mai kyau. Gwaggo ta ɗauki kwalbar da tsumma kamar mai ɗaukar kunama, ta ajiye bayan randa. Mun jiƙa shinkafa, mun niƙa, mun soya garin har ya yi ja, muna cikin daka da mazarƙwaila da man gyaɗa aka kira azahar, ta tafi alwala. Sai zuciyata ta ce min baiwar Allahn nan fa ta aiko da manta, kuma nakiya ba man shanu ai abin kunya ne a gidan miji. Na zuba cokali biyu, na bi da citta da kanumfari har sai da na yi atishawa, na ci gaba da daka kamar ba ni ba.

Tana dawowa ta tsaya a bakin ƙofa. Ba ta shigo ba, hanci kawai ta ɗaga tana shinshina iska. Taɓaryar hannuna ta yi nauyi. Da ta zage ni ma da na ji sauƙi. Sai ta sa aka rarraba nakiyar nan a maƙwabta, ni kuma na kwana uku ina wanke turmi da toka. Duk kwanakin nan ba ta yi min magana kai tsaye ba, da turmin take magana ina tsaye. "Turmi, a ce wa mai wanke ka akwai saura a gindi." Sannan muka sake aikin daga farko.

Bayan biki Hajiyar ta yi min waya tana ta sa albarka, wai dangin ango sun ce ba su taɓa cin nakiyar da man shanu ya ratsa kamar wannan ba. Na gaya wa Gwaggo ina dariya a ciki. Ta sa aka ɗauko kwalbar daga bayan randa a mayar wa mai ita.

"A ce mata ga manta nan. Cokali biyu ɓera ya sha. Ɓeran kuma babba ne, yana da ɗiya biyu."

Da mazarƙwaila take yawancin aikinta, ita ma ta mutum ɗaya, wani tsoho mai matse rake can wajen Sabuwa. Ko lokacin da hanyar ta lalace, mutane suka daina bin ta sai dole, Gwaggo ba ta yarda a yi mata saƙo ba, wai ba wanda ya iya zaɓe. Wata rana ta ja ni muka tafi. Ba mu yi nisa ba sai ga motoci suna dawowa a guje, direbobi suna ɗaga hannu a juya. Motarmu ta yi tsit, in ban da salati ƙasa-ƙasa. Wata mata a gefena ta tura jaririnta ƙarƙashin hijabi ta danne. Direba yana kokawar juya mota, wani mai babur ya tsaya yana haki yana cewa mutanen daji suna nan gaba kaɗan, sun tare hanya. Gwaggo ta leƙa ta taga ta tambaye shi ko daga Sabuwa yake. Ya ce e. Ta ce to ko ya lura an fara sabuwar mazarƙwaila?

Mutumin ya dube ta kamar ya ga aljana. Har muka iso gida tana mita an ɓata mata tafiya. Amma da muka shiga ɗaki na ga ta kasa kwance bakin ɗankwalinta, yatsunta suna ta rawa, sai ni na kwance mata. Ta ce sanyin mota ne. A watan zafi muke.

Ranar da ba wanda zai manta a unguwarmu kuwa ƙarshen damina ce, dawa ta fi tsayin mutum. La'asar ta kusa. Mun wanke riɗi, ya bushe, mun soya, mazarƙwaila tana kan wuta ta narke ta fara kumfa. Masu kantu sun san wannan gaɓar: in ka ɗiga a ruwan sanyi ya dunƙule, to a take za ka juye riɗi, in ka yi jinkiri kaɗan ya ƙone. Gwaggo tana riƙe da muciya sai muka ji gudun mutane a waje, wani yana cewa babura, babura ta gabas. Sai kuma ƙarar bindiga, ɗaya, biyu, ba nisa sosai.

Na goya ƙaramar 'yata, na fizgi hannun babbar, na ce Gwaggo mu tafi. Ko kallona ba ta yi ba. Ta ɗiga mazarƙwaila a kwanon ruwa, ta taɓa, ta ce saura kaɗan. Na roƙe ta don Allah don Annabi. In tafi in bar ta ba zan iya ba, in tsaya kuma ga yara. Ta sake ɗigawa. Ta juye riɗi, ta juya sau huɗu ko biyar, ta naɗe hannu da tsumma ta sauke tukunyar, ta ɗora gammo ta aza a ka.

"To, mi kike jira? Ke ce ba ki da sauri."

Muka fita ta bayan gida muka faɗa gonar dawa. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, da tukunya mai tururi a ka, wallahi ban cim mata ba sai da ta tsaya. A can tsakiyar gonar muka tarar da matan unguwa da yara sun kwanta a tsakanin kunyoyin gonar. Ana jin baburan sun shigo gari, ana jin ana dukan ƙofofi, ana kora dabbobi. Daga baya biyu daga cikin maharan suka biyo hanyar da ta ratsa gefen gonar, a hankali, har muna jin muryoyinsu.

Sai yara suka fara kuka. Ɗaya ya fara, sauran suka ɗauka. Iyaye suna toshe musu baki da hannu, su kuwa suna ƙara shiɗewa. 'Yata da ke bayana ta buɗe baki za ta tsala ihu, ni kuma na riga na sallama, na fara kalmar shahada.

Gwaggo ta ja tukunyar nan tana rarrafe. Kantun bai gama daskarewa ba, yana da ɗumi da danƙo. Ta riƙa gutsuro shi da yatsu tana hurawa tana cusa wa kowane yaro dunƙule guda a baki. Kun san kantu mai ɗumi, in ya kama haƙori ba ya saki. Yaro zai so ya yi kuka, baki ya ƙi buɗuwa, ga kuma zaƙi ya sauka, sai ya koma tsotsa yana ajiyar zuciya. Kafin baburan su zo daidai inda muke, ba ka jin komai a gonar sai motsin ganye. Wata amarya da haƙoranta suke ta kaɗawa, ita ma Gwaggo ta danna mata nata.

Suka wuce. Ba mu fito ba sai da muka ji muryar mazanmu suna kiran sunayenmu. An kwashe awaki da kayan shaguna biyu, an harbi wani bawan Allah a cinya, ya warke daga baya, amma a cikin waɗanda suka shiga gonar nan ba a rasa ko mutum ɗaya ba. Mata suka kewaye Gwaggo suna kuka suna godiya. Ita kuwa tana duba cikin tukunyarta, yatsunta duk sun tashi saboda ƙuna.

"Ku bar godiyar nan. Kantu ba a baza shi a faranti ba, ba a murje shi da kwalba ba, ba a yanka ba. Kar in ji wata ta ce ta ci kantun Hansai yau. Wannan ba aikina ba ne."

Damina biyu ta ƙara bayan haka. Ciwon ya zo mata da sauƙi, kwana tara ta yi a kwance. Ta rasu da hantsi, a ɗakinta, a kan gadonta, kanta a cinyata, aka yi mata wanka a natse, aka sallace ta ba mai waige-waige. Mu da muke zaune a wannan yanki mun san wannan ba ƙaramar kyauta ba ce.

Allah ya jiƙan Gwaggo Hansai, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka makwancinta. Ya sa can inda ta je babu gudu, babu fargaba. Mu kuma da muka rage, Allah ya kwantar mana da ƙasarmu, ya sa mu cika da imani. Amin.