Waya Ɗaya ta Gidan Mijinyawa

Duk wanda ya san Gangaren Tudu a Keffi ya san shagon Malam Mijinyawa tela, ko da bai taɓa kai masa ɗinki ba. Shagon a jikin gidansu na gado yake, ƙofarsa na kallon titi, shi kuma kullum yana bayan keke da tabarau a karan hanci, yana amsa gaisuwar masu wucewa ba tare da ya ɗaga kai ba. Mutum ne mai cika alkawari, abin da ba kasafai ake yabon teloli da shi ba. Aibinsa guda ne, in ya kafe a kan magana, jaki ma sai ya sara masa.

Mahaifinsa dillalin doya ne da ke bin kasuwar Garaku, kuma yana cikin mutanen farko da suka jawo wutar lantarki a layinsu. A wancan lokacin abin da gidan ke buƙata bai wuce ƙwan fitila da rediyo ba, don haka siririyar waya aka sa, ta shigo ta zaure ta sauka a ɗakin tsohon. Daga nan wata al'ada ta samo asali. Duk ɗan gidan da ya yi aure aka gina masa ɗaki, tsohon da kansa zai tsaya a jawo masa wuta daga ɗakinsa, ya kunna ƙwan da hannunsa, ya sa albarka. Haka aka yi wa Mijinyawa ranar da aka kawo masa Zubaidatu, haka aka yi wa ƙannensa. Waya ta yi ta bin cikin silin daga wannan sashe zuwa wancan, ana ƙulla sabuwa a jikin tsohuwa, wani wurin a naɗe da salatif, wani wurin da leda.

Da tsohon ya rasu, riƙon gida ya dawo hannun Mijinyawa, har da autansu Mahfuz wanda a lokacin bai gama firamare ba. Da keken ɗinki ya yi masa karatu har ya zama malamin sakandare. Sauran ƙannen kuwa zamani ya ɗebe su ɗaya bayan ɗaya, wannan Abuja, wancan Lafiya, aka zuba ɗaliban jami'a haya a ɗakunansu. Gonar gandu an daɗe da rabawa. Tukunya ma kowace mace ta koma ɗora tata. Abin da ya rage na tarayya a gidan shi ne wayar nan, ɗan'uwan da ya rage kuma Mahfuz. Ranar da Mahfuz ya auri Mu'mina, Mijinyawa ne ya tsaya aka jawo masa wuta daga ɗakin tsohon, kuma da ya kunna ƙwan sai da ya juya baya ya share hawaye. Babu abin da yake tsoro a duniya kamar ya wayi gari ya ga Mahfuz ma ya fita.

To, wayar da aka yi don ƙwai da rediyo sai ga ta tana ɗaukar kayan zamani. Mu'mina na da firiza ta ƙanƙara da kunun aya da take sayarwa. Zubaidatu na da hitar dafa ruwa. Ɗalibai na da risho na lantarki da suke rantsuwa ba su da shi, alhali ƙamshin indomi na tona musu asiri. Shi kansa maigidan yana da dutsen guga mai nauyi da injin surfani a shago. Ga wutar ba kullum take zuwa ba, in ta zo kuwa kowa rige-rige yake ya mori rabonsa kafin a ɗauke.

A zaure akwai bireka, ɗan makunnin nan da ke faɗuwa da kansa ya yanke wuta idan kaya ya yi wa waya yawa. Manasseh mai gyaran wuta na Sabon Gari, tsohon abokin Mijinyawa tun suna samari, shi ya sa ta a madadin tsohon fis. Ita kuwa aikinta take yi tsakani da Allah. Da an kawo wuta, yara su yi shewa, kafin shewar ta ƙare ka ji ƙas, gida ya yi tsit. Mijinyawa ya taso daga keke yana tsaki, ya ɗaga ta, kafin ya koma ya zauna ta sake faɗuwa. Sai cikin gida ya ɗauki ƙananan maganganu. Zubaidatu ta ce firizar wasu ce, Mu'mina ta ce ai firiza ba ta ci rabin abin da hita ke ci ba, ɗalibai su yi lamo a ɗaki kamar ba su nan. Zo mu zauna zo mu saɓa, matan da a da suke tsefe wa juna kai suka koma gaisuwa a taƙaice.

Wata rana bayan la'asar Mahfuz ya shigo shago ya zauna a kan benci, ya daɗe yana juya hularsa kafin ya yi magana. Ya ce kayan Mu'mina na lalacewa, kuma ba ya jin daɗin abin da ke shiga tsakanin matan. Ya roƙi yayansa ya bari a ja wa sashensa layi na daban daga zaure, da birekarsa, kowane sashe ma a yi masa haka. Mijinyawa ya tsayar da keke. Abin da ya shiga kunnensa daban ne da abin da aka faɗa, domin a saninsa haka duk sauran suka fara, yau a ware wannan, gobe a ware wancan, jibi ka ga mota ta zo kwasar kaya.

"Wutar da Baba ya jawo da hannunsa ita za a yanke maka?" in ji shi. "Muddin ina numfashi, wutar gidan nan daga wuri ɗaya za ta fito."

Mahfuz bai saba musu da yayansa ba. Ya ce Allah ya huci zuciyarsa, ya sa hularsa ya fita.

Mijinyawa ya kwana biyu yana tunani, ya fito da dabara irin ta tela. A sana'arsa, riga in ta matse mutum faɗi ake ƙara mata, ba a cewa mai ita ya rame. Tun da bireka ta yi wa gida kaɗan, sai a samo babba. Ya hau acaɓa zuwa Sabon Gari ya sayo mafi girma da ya samu a shagon kayan wuta, ya kai wa Manasseh ya ce ya zo ya sa masa.

Manasseh ya juya ta a hannu, ya miƙa masa abarsa. Ya yi masa bayani a hankali cewa birekar da ke zaure ba ta da laifi, faɗuwar da take yi gargaɗi ne cewa waya ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta. In aka sa babba za ta daina faɗuwa, amma wayar za ta ci gaba da ɗaukar zafi a cikin silin inda ido ba ya gani. Maganin, in ji shi, a zare tsofaffin wayoyi a sa masu kauri, a raba gidan layi-layi, firiza da dutsen guga kowanne da nasa. Da Mijinyawa ya ji an sake zuwa kan maganar rabawa sai ya haɗe rai, ya ce ashe Mahfuz ya riga shi zuwa.

"Wallahi ban ga Mahfuz ba," in ji Manasseh. "Amma Malam, ko za mu ɓata, hannuna ba zai sa wannan abin a gidanka ba. Akwai yara a ciki."

Suka rabu ba daɗi. A hanyar komawa Mijinyawa ya samu wani mai gyara a bakin titi wanda ba ya tambayar dalili, ya zo ya cire ƙaramar ya ɗaura babbar.

Gaskiya abin ya yi kamar ya yi. Wuta ta zauna daram, firiza na kuka, hita na tafasa, injin surfani na gudu, babu ƙas ko sau ɗaya. Matan suka koma hira a tsakar gida. Mijinyawa ya riƙa jin kansa, yana gaya wa abokan hira a ƙofar shago cewa masu gyara na zamani sun fiye son babban aiki. Wani lokaci Zubaidatu takan ce tana jin ƙaurin roba, ya ce mata maƙwabta ne ke ƙona shara. Soket ɗin shagonsa ya yi baƙi a gefe, ya jawo tebur ya kare shi.

Wata Juma'a ce cikin bazara, da hantsi, aka kawo wuta bayan an daɗe babu. Kowa ya fito da kayan masallaci zai goge, kowa ya jona abin da yake da shi. Mu'mina na tsakar gida tana ƙulla kunun aya, 'yarta Halima Sadiya, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, tana barci a ɗaki. Mu'mina ta ɗaga kai ta ga hayaƙi na fitowa ta ƙarƙashin kwanon sashenta. Ko ɗankwali ba ta tsaya ɗauka ba ta faɗa ɗakin, ta suri yarinyar ta fito, tana fita wani ɓangaren silin ya rufto da wuta a kan katifar. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya ruga zaure ya kashe wutar gidan gaba ɗaya, maƙwabta suka taru da yashi da bokitai. Allah ya taƙaita, babu wanda ya ji ciwo, amma ɗakin Mahfuz ya ƙone rabi. Babbar bireka kuwa har aka kashe ta da hannu tana nan a tsaye, ba ta faɗi ba.

Mijinyawa ya tsaya a tsakar gida da almakashi a hannu, bai ma san yana riƙe da shi ba. Ya dubi katifar, ya dubi yarinyar da ke kuka a ƙirjin uwarta, sai ya zauna a kan turmi. Masu jaje na ta cewa tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, shi kuwa ya san wanda ya je ya sayo wannan tsautsayin da ƙafarsa. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

Mahfuz bai ɗaga murya ba, bai ma ambaci bireka ba. Ya ce dai ya samu ɗaki biyu a Sabon Gari, za su zauna can kafin a gyara nasu. Washegari motar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, aka ɗora firiza da sauran abin da ya tsira. Mijinyawa da hannunsa ya taya ɗaure kayan.

Bayan kwanaki ya je wurin Manasseh. Bai san ta inda zai fara ba, Manasseh kuma bai bari ya fara ba, ya ɗauko jakar kayan aikinsa kawai ya ce su tafi. Aka fasa silin sashe bayan sashe. Abin da aka zaro daga ciki ya sa Zubaidatu salati, wayoyi sun narke sun manne da juna, wasu ɓera ya cinye rigarsu, ƙulli bisa ƙulli tun na zamanin tsohon. Aka sa sababbi masu kauri a cikin bututu, aka canja soket ɗin da suka ƙone, aka binne ƙarfe a ƙasa don wuta ta samu wurin gudu idan wani abu ya lalace. A zaure aka kafa akwati mai ƙananan bireka a jere, shago da tasa, sashen Zubaidatu da tasa, ɗakunan ɗalibai da tasu, sashen Mahfuz da tasa. Manasseh ya ja wa Mijinyawa kunne cewa duk wadda ta faɗi, kada a ɗaga ta sai an gano abin da ya faɗar da ita. Mijinyawa ya tattara tsohuwar wayar mahaifinsa, ya daɗe yana kallonta, sannan ya bari aka fitar da ita. Ɗakin Mahfuz ma ya sa aka yi masa sabon silin da fenti.

Ranar da aiki ya kusa ƙarewa ya saka babbar riga ya tafi Sabon Gari. Mu'mina ta durƙusa ta gaishe shi ta kawo ruwa, Halima Sadiya ta zo ta haye cinyarsa. Ya gaya wa Mahfuz an yi duk abin da ya nema, har layin firiza na daban, ɗaki kuma na jiransu. Mahfuz ya girgiza kai.

"Yaya, ranar da na roƙe ka a ja mini layina, don in zauna ne na roƙa," in ji shi. "Yanzu Mu'mina ko ƙaurin ashana ta ji sai ta firgita ta nemi yarinyar. Ba zan iya ce mata ta koma ɗakin nan ba tukuna. Ka yi mana haƙuri."

Mijinyawa ya so ya tambayi yaushe ne tukuna ɗin zai ƙare, amma ya san ba shi da bakin tambaya. Ya shafa kan yarinyar, ya ce Allah ya sa hakan ne mafi alheri, ya taso. A kan acaɓa yana dawowa ya ji zuciyarsa ta yi nauyi, domin abin da ya yi ta karewa shekara da shekaru shi da kansa ya kore shi.

Ya tarar da Manasseh a zaure yana gwajin ƙarshe, yana ɗaga birekokin ɗaya bayan ɗaya. Fankar shago ta juya, rediyon ɗalibai ya kama magana, Zubaidatu ta yi hamdala daga ciki. Da Manasseh ya zo kan ta ƙarshe, ta sashen Mahfuz, sai ya tsaya, ya ce tun da babu kowa a sashen, ya fi kyau a bar ta a kashe.

"Ɗaga ta," in ji Mijinyawa.

Manasseh ya dube shi, ya ɗaga. Mijinyawa ya ratsa tsakar gida zuwa ɗakin Mahfuz, ya tura ƙofa, ya laluba bango ya kunna ƙwan. Haske ya cika ɗakin, ba gado ba kujera, sai warin sabon fenti. Ya daɗe a tsaye a bakin ƙofar, sannan ya jawo ta ya bar ta a buɗe kaɗan, ya koma shago ya zauna a bayan kekensa.