Turaren da Yaya Isiyaku Ya Dasa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Isiyaku, malamin firamare a wani ƙauye kusa da Maska. Allah Ya jiƙansa.

A lokacinsa akwai kwazazzabo a bayan makarantar. Kowace damina sai ya ci ƙasa ya matso, har saura taku kaɗan ya kai bangon aji shida. An yi ta kai kuka sama, shiru. Yaya sai ya koma gayyato tsofaffin gari aji duk ranar Alhamis: Baba Jauro makiyayi, da Inna Kande mai haɗa magani. Su suka koya wa yara wace ciyawa ke riƙe ƙasa, wane itace ne kakanni ba sa sarewa a gona, da dalilin hakan. Daga aji sai a fita da fartanya a yi dashe a bakin ramin.

Iyaye da yawa ba su so ba. Wani ya tare shi a ƙofar masallaci ya ce, "Malam, boko muka kawo su. Noma kam muna da shi a gida."

Yaya ya ce, "Alhaji, in ramin nan ya cinye ajin, a ina za su yi bokon?"

Shekarar farko ruwa ya kwashe dashen kaf. Baba Jauro ya ce sun yi gaggawa, ciyawar jema ake fara jerawa ta kama ƙasa, sannan itace. Aka sake. Bayan damina uku ramin ya tsaya. Yaya ya ƙara da layin itacen turare saboda saurin girmansa, amma bai ga girman ba.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau: buhunan gawayi jere a bakin hanyar Funtua, gonakin nesa da mutane ke tsoron zuwa. Ba mai yawan magana ba ne. Ina jin tambaya kawai zai yi, ina ake samun iri.

Bara na je makarantar na tarar an sare turaren nan duka. Raina ya ɓaci. Aka ce Rabi ce ta sa, tsohuwar ɗalibarsa da ke koyarwa a makarantar yanzu. Na same ta.

Ta ce, "Baba, rijiyar makaranta yake shanyewa. Mun tambayi tsofaffi, muka sa ɗorawa da kaɗanya."

Na ce, "Da hannunsa fa ya dasa."

Ta ce, "Shi ya ce mana duk ranar da ƙasa ta nuna ya yi kuskure, mu bi ƙasar, mu bar shi."

Na daɗe ina zaton itatuwan nan ne abin da ya bari. Ashe mutanen da za su iya gyara masa aiki ya bari. Ɗorawar ko ƙugu ba ta kai ba, kuma yaran da ke ba ta ruwa sun san za su gama makarantar tun kafin ta yi 'ya'ya. Duk da haka kowace safiya da bokiti suke zuwa.